Ta Ce In Daina Kawo Mata Rahoto

Anti Noreen, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin karatu na wata jami'a a nan Melbourne, ni ce kuma wakiliyar ƙungiyar ma'aikata a sashenmu. Shekara biyu ke nan muna neman jami'a ta janye jarinta daga kamfanonin makamai saboda abin da ake yi wa Falasɗinawa. Da can ba ruwana da irin wannan. Na shiga ne saboda Rawan, wadda teburinta ke kusa da nawa, danginta kuma suna garin Khan Yunis, can ƙasar Falasɗinawan. Ranar da muka fara, na riƙe hannunta na ce kafin Kirsimeti za mu yi nasara. Har yau ban san me ya kai bakina ba.

Mun tara sa hannu, mun sha ruwan saman Yuli riƙe da kwalaye, na bi ofis-ofis har wasu in sun hango ni sai su tura ƙofa. Sau uku majalisar jami'a na zama a kan maganar. Makon jiya minti huɗu suka ba mu, aka gode mana, suka wuce batun wurin ajiye motoci.

A makon ne aka kashe yayar Rawan, Haifa, da 'ya'yanta biyu. Na je gidan Rawan a unguwar Coburg da tukunyar miya, sai na tsinci kaina ina ba ta labarin taron. Ta dube ni ta ce, "Don Allah ki daina kawo mini rahoto. Ki zauna kawai, ko ki tafi." Anti, tafiya na yi. Ba ta dawo aiki ba, ni kuma na kasa kiranta.

Taronmu na ƙarshe mutum tara ne suka zo. Mijina ya ce dama can ba su da niyyar saurarenmu. Wata mai zuwa za a sake zaɓen wakilai. In na sauka na ci amanarta, in na ci gaba kuma ban san don wa nake yi ba.

Wadda Ta Gaji, Preston

'Yata,

Ba zan yaudare ki ba: wataƙila mijinki ya yi gaskiya, jami'ar ba za ta janye ba, ko bana ko baɗi. Ko ta janye gobe, Haifa ba za ta dawo ba. Alkawarin da kika ɗauka ba a hannunki yake ba, kuma Rawan ta san haka tun ranar.

Amma ba ta kore ki ba. Abu biyu ta ajiye miki, zama ko tafiya, kika zaɓi ƙofa saboda kunya. Ki koma cikin makon nan. Kada ki ambaci majalisa, kada ki tsawaita ban haƙuri har ta koma lallashinki. Ki wanke kwanuka, ki zauna. In ba ta buɗe ba, ki sake zuwa.

Batun wakilci kuwa, sauka ba cin amana ba ne. Wanda ya gaji yakan miƙa wa wani. Sai dai mutum taran nan ba don Rawan kaɗai suka zo ba. Ki faɗa musu halin da kike ciki, ki ji ko akwai mai karɓa. In za ki ci gaba, ki yi don kin ga daidai ne, ko da ba za ki ga ƙarshensa ba.

Allah Ya ji ƙan Haifa da yaranta, Ya ba Rawan haƙuri, ke kuma Ya ba ki ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofarta.

Anti Noreen