Zare Ja, Ƙulli Biyu

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya karatu? Tela ne ke rubuta min kamar kullum, to kada ki ga laifin hannunsa, bakina ne.

Ran Talata ina kakkaɓe kanta ta uku aka ce hedimasta na kira. Na tarar da malamai huɗu sun kewaye waya, muryata na fita daga ciki. Sai ga taki: "Mahaifina bai taɓa karanta ko harafi ɗaya ba, amma shekara ashirin da bakwai yana riƙe da laburaren makaranta." Malamin lissafi har da buga cinya. Hedimasta ya miƙo min takarda ya ce, "Baba, karanta mana layin farko." Na sa tabarau, na cire, na ce idona ke ruwa. Ya ce in ajiye makulli.

Da kika zo hutu da 'yar rakodarki kin ce aikin jami'a ne, malaminki kaɗai zai ji. Ashe malamin naki duniya ce.

Shekara ashirin da bakwai ba wanda ya gano. Zare nake ɗaura wa gindin kowane littafi: ja lissafi, kore kimiyya, baƙi tarihi, yawan ƙulli shi ne aji. Yaro ya faɗi abin da yake so, kafin ya rufe baki na ɗora masa a hannu. Uwarki ta sani, ta tafi kabari da bakinta a rufe. Ke kuwa na tura ki koyo aikin laburare da na jarida, kika fara gwada jaridar a kaina.

Yanzu ina bakin get ina buɗe wa motoci. Tela ya ce in sassauta. Na ce ya rubuta, ko in kai wa mai aski ya rubuta min.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki.

*

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan ƙafarka ta yi sauƙi. A gaishe da Kawu Tela.

Baba, na karanta takardarka sau uku, na kasa cin abinci. Wallahi yabonka na yi. Shirin ya fi na kowa maki a ajinmu, shi ya sa aka sa shi a rediyon jami'a. Shugabar sashenmu ta ce abin da ka ƙirƙira da zare, shi suke koya mana zango guda da manyan littattafai. Tana roƙon ka zo ka yi wa ɗalibai bayani, za a aiko mota. Zan kuma rubuta wa hedimasta.

Ka yafe min, Allah ya ƙara maka lafiya.
'Yarka, Auta.

*

Auta,

Salamu alaikum. Ƙafa da sauƙi, tunda maigadi zaune yake wuni.

Ki gaya wa shugabarku ta bar man motarta. In zo a ɗora ni kan kujera, yara masu jaka su zuba min ido, a ce ga tsohon nan da bai iya karatu ba, ku tafa masa? An tafa min a ofishin hedimasta, ya isa. Jiya wani ɗan aji biyu ya nuna min allon get ya ce, "Baba, me aka rubuta a nan?" Abokansa na bayan katanga suna ƙyaƙyata. Uban yaron nan, ni na ɓoye shi bayan kanta ranar da ya fasa gilashin taga.

Kada ki rubuta wa kowa. Rubutunki ya ishe ni haka.

Tambaya ɗaya ce, kuma ban son bayanin 'yan jami'a. Kafin a sa shirin a rediyo, kin sani ko ba ki sani ba?

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Na daɗe ban ba ka amsa ba don kunya. Na sani. An kawo min takarda na sa hannu. Na ce a raina ai ba ka kama tashar, kuma ina son ƙarin maki.

Yau kwana tara da jami'a ta turo ni aikin gwaji a laburaren makarantarku, ina wuce ka a get kana buɗe min kamar baƙuwa, shi ya sa na koma ga takarda. Malamin da aka ba makulli ya bi zaren duka da almakashi, ya fara liƙa lamba, ya gaji a kanta ta biyu. Sauran suna jibge a ƙasa, da yawa ba bango, ba a san na wane aji ba ne. Saura mako uku jarrabawa, yara na zuwa suna komawa hannu biyu. Na roƙi hedimasta, ya yarda ka shigo a matsayin mai taimaka min. Kai ka san su ko da ido a rufe. Don Allah, Baba.

'Yarka mai neman gafara,
Auta.

*

Auta,

Na ji. Gara da kika faɗi gaskiya.

Mai taimako aka ce? Ba na zuwa. Ke kika iya karatu, ki zauna ki karanta su ɗaya bayan ɗaya.

Amma kusurwar bayan ƙofa tana yoyo, kuma na ga hadari tun shekaranjiya. Ki kwashe abin da ke wurin yau, kada ki kai gobe. Ba don ke na faɗa ba.

Tela na gaishe ki. Shi, ba ni ba.

Mahaifinki.