Yayana Yana Zare Ƙusoshin Rufin Ɗakin Inna

Anti Batulu, don girman Allah ki agaza mini kafin damina ta kankama.

Yayana Halliru ya yi ritaya daga aikin gwamnati a Kazaure. Sa'o'insa suka kama noma, shi kuwa ya kama tara tsofaffin kuɗi na zamanin Turawa: anini, dari, sisi, kwabo mai huji. Kullum yana cikin waya yana kallon gwanjon da ake yi a ƙasashen waje, yana jinjina kai kamar da shi ake tayawa. Ban taɓa damuwa ba, kowa da abin da ke ɗebe masa kewa.

To, ashe lokacin da marigayi Babanmu ya yi rufin ɗakin Inna a Roni, kwabo mai huji ya riƙa sa wa a ƙarƙashin kan kowace ƙusa, don kada ruwa ya bi. Ranar da Yaya ya gano haka, mutumin da ke cewa gwiwa ta hana shi zuwa gaishe da Inna, sai ga shi a saman kwano da filaya. Yanzu duk Asabar yana Roni. Maƙwabta har yabonsa suke yi, wai ɗa na gari yana gyara wa uwarsa rufi.

Anti, ɗakin ya koma rariya. Ruwan farko da aka yi, sai da muka jera roba da tukwane har da kwanon shan kaji. Inna kuwa, da yake ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi masa faɗa. Gadonta kawai take ja daga wannan kusurwa zuwa waccan, ga tari ya kama ta. Da na yi magana, ya ce ni ban san darajar tarihi ba, wai yana ceton kayan Baba ne daga lalacewa. Ni ce auta, ba na so a ce na yi wa babba rashin kunya. Ya zan yi?

Ƙanwa mai tarar ruwa, Roni

Ƙanwata,

Ki fara miƙa gaisuwata ga masanin tarihi. Ba kowa Allah ke ba basirar da zai dubi ɗakin mahaifiyarsa ya hango gwanjo ba.

Amma mu yi masa adalci. Tara tsofaffin kuɗi ba hauka ba ne, kuma mai yiwuwa kwabon da hannun Babanku ya taɓa yana da wani matsayi a zuciyar yayanki wanda bai iya faɗa ba. Sai dai a sanina, irin waɗannan kuɗi an buga su da yawa, 'yan ƙalilan ne ke tsada, su ma sai lafiyayyu. Wanda ya sha guduma, ya yi shekara da shekaru a rana, da wuya Bature ya fasa cin abinci saboda shi.

Kada ki sake tunkararsa ke kaɗai. Ki sami kawunku ko wani dattijon da yake jin nauyi, a zaunar da shi. Ba hana shi za a yi ba, sharaɗi za a sa: duk kwabon da ya fita, kafinta ya mayar da sabuwar ƙusa mai roba a ranar, kwanon da ya yage a sauya, kuma daga aljihun mai son tarihi. A kuma tuna masa cikin ladabi cewa abin da ke jikin gidan Baba na magada ne duka, har da ke. Za ki ga yadda ƙaunar tarihi ke saurin sanyi idan aka ambaci rabo.

Tarin Inna kuwa ba ya jiran zaman dattawa. Ki kai ta asibiti cikin makon nan, daga can ku wuce da ita gidansa na Kazaure, ta zauna a ɗakin da ya fi kyau har a gama gyara. Tunda yana son abin da ya daɗe kuma babu irinsa, ga shi nan an kawo masa har gida, ba tare da ya taya ba.

Allah ya ba Inna lafiya, ya bar zumunci.

Anti Batulu