Kurakuraina Na Gaskiya Ne

Zuwa ga hasken idanuna, sanyin ƙirjina, malamar malamai kuma uwar 'ya'yana. Ke da Allah Ya yi wa baiwar harshe mai daɗi kamar gudun ruwa a kan duwatsu, Ya karɓe shi na ɗan lokaci, sannan Ya dawo da shi a gaban idona.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan jiki yana ƙara sauƙi, ina roƙonki ki daure ki karanta takardar nan har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci. Da Hausa na rubuta ta, domin a cikinta kaɗai nake da tabbacin ƙafata ba za ta zame ba.

Tun ranar da Yayanki ya zo da mota ya tafi da ke gidansa, gidanmu ya zama tamkar rijiyar da ta ƙafe: bakinta na nan, igiyarta na nan, amma duk abin da na jefa ciki, sai ƙarar kaina nake ji. Na kuma san abin da ya kore ki. Ƙanwata ce, da bakinta marar linzami, ta shigo ta tarar ina karanta miki jimlolin Turanci kina gyara mini, ta tafa hannu ta ce, "Kai, matar Yaya, an iya lallaɓa ki! Mutumin da ko zaren riga ba ya bari ya karkace, shi ne zai kwaɓa Turanci haka? Da gangan yake yi, don ki buɗe baki!" Na ga fuskarki ta rufe kamar sararin da hadari ya taso masa. Kika dube ni, kika ce, kina ɗaga kowace kalma kamar dutse, "Malam Ƙa'ida, ni ba jaririya ba ce. Ba na son tausayi." Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni, kunya ta ɗaure mini harshe, kika ɗauki shiruna a matsayin amsa laifi.

Ya farin watana, ki saurare ni: kurakuraina na gaskiya ne! Babu ko ɗaya da na ƙirƙira. Kowannensu nawa ne halak malak, daga cikin kaina ya fito, kuma kafin ki gyara shi na yi imani daidai yake.

Kin san aikina, ɗinke littattafai a maɗaba'a, tsakanin warin gam da ƙarar injin. Kin san ban yi nisa a makaranta ba. Turancina duk daga ƙasidun da suka lalace wajen bugu na tsince shi, waɗanda ake zubarwa a kwando ni kuma in kwaso in kawo gida. Akwai wata da na fi ƙauna, mai bayani a kan ƙananan kalmomin nan da ke tsayawa gaban aikatau su nuna iyawa, ko dole, ko wataƙila. Amma wuƙar yanka takarda ta cinye mata gefe guda, gefen da misalai suke. Na haddace dokokin kaf, ban taɓa ganin su a cikin jimla mai rai ba. Na zama kamar wanda ya san sunan kowane kifi, bai taɓa sa ƙafa a kogi ba. Kina ganina da fensir a bayan kunne ina jero dokoki, kika raɗa mini suna Malam Ƙa'ida, kika ɗauka gwani ne. A tsawon zamanmu kafin ciwonki, kin taɓa jin na haɗa jimlar Turanci a gabanki? Ta yaya zan yi, ke da ɗaliban sakandare ke yin tsit idan kin fara karatu?

Sai ga ranar da kika faɗi a cikin aji, ɓarin jikinki na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ya Allah, shirun nan! Na zauna kusa da ke ina kallon leɓɓanki suna motsi babu sauti, kamar ganyen da iska ke taɓawa a bayan gilashi. Malamar asibiti mai koyar da magana ta ce mini, "Baba, ka daina tambayarta ko tana jin yunwa. Ka yi mata hira da abin da ranta ke so." Na yi ta tunani a hanya: me ranki ke so, bayan 'ya'yanki, fiye da harshen da kika ƙarar da ƙuruciyarki kina koyarwa? Sai na fara rubuta jimloli a kan guntayen takarda lokacin hutun rana, ina dubawa ina sake dubawa, har sai na tabbata babu aibu.

Kin tuna safiyar nan da aka yi yayyafi? Na zaunar da ke bakin taga, na rufa miki bargo a gwiwa, shayinki yana huci a kan kujerar tsuguno. Na karanta miki, "You must to rest." Sai na ji ƙwas! Hannunki na hagu ya bugi hannun kujera. Girarki ta ɗaga irin ɗagawar da kike yi wa ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Bakinki ya yi kokawa, ya yi kokawa, sannan muryarki ta fito, a dishe, amma taki ce: "A'a. Cire 'to' ɗin nan."

Wace tsawa ce ta taɓa girgiza ƙasa kamar waɗannan kalmomi? Wane ruwan farko ne ya taɓa sauka a kan busasshiyar gona da irin wannan albarka? Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ga ikon Allah a ɗakinmu, tsakanin labule da teburin guga: harshen da likitoci ke ta lallashi ya ƙi tashi, sai ga shi ya miƙe tsaye saboda ya kasa jure ganin kalma a inda ba muhallinta ba. Ke kina ganin kuka nake don murna kawai. Murna ce, amma har da mamaki, domin a ranar na fara sanin cewa "must" ba ta ɗaukar wannan kaya.

Daga nan kullum sai na ga sabon abin al'ajabi. Washegari na cire kalmar daga bayan "ought", ina jin kaina, kika harare ni kika ce, "Wannan kuma tata ce. Mayar mata." Na kai "surely" can ƙarshen jimla na ajiye, kika nuna da yatsa kika ce in dawo da ita tsakiya, ta zauna tsakanin "will" da aikatau, wai can ta fi jin daɗin zama. Kika nuna mini yadda "could" ke haɗuwa da "do" da "with" su haifi ma'anar da babu ita a cikin ko ɗayansu, ma'anar mutum yana marmarin abu. Na riƙe baki! Ashe kalmomin nan kamar tsuntsaye suke a kan reshe, kowace ta san wadda za ta iya zama kusa da ita, ke kuma kin san halin kowace kamar ke kika ƙyanƙyashe su. Cuta ta karɓe miki hannu, ta karɓe miki taku, amma wannan taska ba ta iya taɓa ta ba. Ina zaune gabanki kamar mai kallon fitowar alfijir a karon farko. Wannan ne kika kira tausayi? Wa ke tausayin rana idan ta ɓullo?

Ya inuwata a tsakiyar zafi, abin da ke hana ni sukuni shi ne wannan: Yayanki ya gaya mini tun da kika je kin koma shiru, sai ɗaga kai da girgiza shi. Kowa a gidan yana yi miki magana a hankali, cikin ladabi, babu mai yin kuskuren da zai tayar miki da rai. Ina tsoron ƙofar da ta buɗe ta sake rufewa. Idan ta rufe saboda na kasa buɗe baki in ce ban iya ba, ina zan sa kaina? Ki dawo, domin muryarki, domin ni kuma, da nake tsakiyar darasi malamata ta tafi ta bar ni.

Na san rantsuwa ba za ta ishe ki ba, ke mai son hujja ce. To ga abin da na yanke. Ranar Asabar da hantsi zan zo gidan Yayanki, ba tare da ƙasida ko guntun takarda ba. Na roƙi ƙanwata ta biyo ni, ta kuwa ce, "Ni da zan ga an kayar da Yaya? Ko da rarrafe zan zo!" A tara kowa a falo, har da matar Yayanki da ke ganina da girma. Ki yi mini jarrabawa da baki, ki zaɓo tambayoyin da kika ga dama. Zan yi iyakar ƙoƙarina, zan zage dantse kamar mai neman aiki, kuma wallahi zan faɗi. Za ki ga zufa a goshina, za ki ga kunnuwana suna rawa, irin abin da ba a iya ƙirƙira. Su yi dariya son ransu. Idan kin tabbatar faɗuwar tawa ta gaske ce, ki miƙo mini hannunki na hagu in tashe ki, mu tafi gida.

Ni ne naki a cikin lafiya da rashinta, wanda ba zai nemi wata malama ba har numfashinsa ya ƙare,

Mijinki, mai ɗinkin littattafai.