Fiffiken Gauraka Ta Biyu

Wajima, 3 ga Yuni

Baba,

Bayan gaisuwa da fatan jiki ya yi sauƙi. Damina ta sauka, ƙaron urushi da muke shafa wa alƙaluma yana kamawa da kyau.

Na yi laifi, gara ka ji daga bakina. Mista Lau na Singafo zai zo ran ashirin ya karɓi alƙalaminsa mai zanen gauraka biyu, wanda ka shekara uku kana yi. Ka san saura fiffike ɗaya hannunka ya shanye. To, na ƙarasa. Na zana, na barbaɗa garin zinariya, yanzu yana cikin akwatin danshi da ƙaron ke bushewa a ciki.

Saura suna. Kai ka koya mini wanda ya ƙarasa shi ke sa hannu. Amma mutanen nan suna suke fara dubawa da madubin ƙara girma kafin zane. In ya ga nawa ya ƙi karɓa, gidanmu ya zube a idon masu tara alƙaluma. In na sa naka kuma, na yi ƙarya. Tsoro nake ji, Baba.

'Yarka,
Fumino

Asibiti, Kanazawa, 7 ga Yuni

Fumino,

Ina gaishe ki. Da hagu nake rubutu, ki yi haƙuri da shi.

Wa ya aike ki? Shekara goma sha biyu kawai kina koyo, har kin isa taɓa gauraka? In ya bushe sarai, ki ba gwaggonki Sumie ta kawo mini, da madubina. Kada ki rubuta komai a kai.

Tokuji

Wajima, 16 ga Yuni

Baba,

Ina gaisuwa. Kwana biyar ke nan alƙalamin yana hannunka, shiru. Gwaggo ta ce kallonsa kawai kake yi, shinkafarka tana hucewa. Ni ma ba na iya ci. Ko zagi ne ka aiko, don Allah. Saura kwana huɗu.

Fumino

Kanazawa, 17 ga Yuni

Fumino,

Na gano aibin: fiffiken hagu, zinariyar ta yi kauri wajen gashi na uku. Na cika takarda guda da faɗa. Gwaggonki ta karanta, ta ce fiffiken da kika yi na dama ne.

Ki sa sunanki. In Lau ya ƙi, ki kawo mini. Dama ban taɓa mallakar ko ɗaya cikin alƙaluman da na yi ba.

Babanki