Tabarau Ɗin da Ka Bar Mana

Ba'awa, Kiru
12 ga Oktoba

Zuwa ga ɗana Mujitaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Muhsina da yara. Mu nan lafiya lau, mun gama girbin masara.

Mun ji daɗin zuwanka da abokanka biyu, ko da yake awa uku kawai ka yi mana bayan shekara biyu. Tabarau ɗin kallon da ka kawo na gwada shi. Hoton yana fitowa ƙato kamar bangon masallaci, amma da yanar idon nan dishi-dishi nake gani, kuma jiri yake sa ni.

Ka ce zamanin talabijin ɗin bango ya wuce, nan gaba kowa a fuskarsa zai rataya nasa. To, na ji. Sai dai tun da ka kwance namu daga zaure, ka ce kamfaninku yana karɓar tsoho a madadin sabo, masu taruwa bayan la'asar sun watse. Aminina Gwadabe, da muka shekara shida muna kallon labarai tare, sau ɗaya ya zo. Na ba shi tabarau ɗin ya saka, na zauna ina kallon sa yana dariya shi kaɗai. Don Allah ka dawo mana da abinmu.

Mahaifiyarka tana gaishe ku.

Mahaifinka,
Ɗanasabe

Ba'awa, Kiru
3 ga Nuwamba

Mujitaba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ban ga amsarka ba, amma na ga abin da ya fi ta.

Ranar da na je kasuwa a Bebeji, samari suka yi ta nuna ni suna ƙunshe dariya. Gwadabe ne ya ja ni gefe ya nuna mini a wayarsa. Ga ni nan da tabarau a fuska, baki buɗe, ina lalube a iska, hulata ta faɗi. A ƙasa an rubuta wai ko tsohon ƙauye ya iya. Ashe tallar kamfaninku ce. Ashe abokan nan naka ma'aikata ne, shi ya sa ka ce in cire sabuwar rigata in saka ta gona. Ni kuwa na ɗauka hoton tunawa kuke ɗauka.

Shekara sittin da takwas ina tsare mutuncina a garin nan. Da ka tambaye ni ma, wataƙila da na yarda, don kai ne.

Na ba direban motar Kano tabarau ɗin ya kawo maka. Talabijin ɗin ma ka riƙe, zauren ba ya shiguwa gare ni yanzu.

Mahaifiyarka ba ta sani ba. Har yau tana gaya wa mata cewa ɗanta ya baro aikinsa takanas don ya gan ta, kuma ya yaba zakaran da ta yanka masa. Ban gaya mata ba. Kai ma kar ka gaya mata.

Ka gaida Muhsina da yara.

Mahaifinka,
Ɗanasabe