Hon ɗin Baba

Litinin, 3 ga Maris
Allah ya saka wa masu haɗa kayan wasan jirgin ƙasa na kwamfuta da alheri. Mutanen kirki! Su ƙera maka jirgi kyauta, su ƙunshe shi a fayil, ka kwance ka tarar da wani ƙunshin a ciki. Ko dillalin gwanjo bai kai su iya ɗauri ba.

Duk saboda Baba ne, surukina. Tun da ya yi ritaya daga tuƙin jirgi, shagona na gyaran waya ya zama tasharsa. Yau ya ce wa wata mata wayarta ba ta cancanci gyara ba. Ta kwashi abinta ta tafi. Suruki ne, ba halin in ce ya tashi. Dole wasan nan ya zaunar min da shi a gida, in ba haka ba kasuwata ta watse.

Laraba, 5 ga Maris
Na kwance ƙunshin. Jirgi ya fito ba ƙafa, yana lilo a saman layin dogo. Ashe ƙafafun suna ƙunshin wani bawan Allah daban. Baba ya leƙo ta kafaɗata: "Ɗana, na ƙasa fa na ce, ba na sama ba."

Alhamis, 6 ga Maris
Na kasa zama. Abinci ma a tsaye. Madam ta ce, "Wai ubana kake haɗa wa, ko kanka?"

Asabar, 8 ga Maris
Ƙafafu sun samu. Baba ya danna hon, ya ture kwamfutar. "Wannan ai akuya ce." Ya rantse ba zai tuƙa ba.

Na sake farke ƙunshin, na lalubo fayil ɗin sautin. Na ce, "To Baba, yaya na gaskiyar yake?" Ya tuɓe hula, ya cika kumatu, ya yi shi da baki. Sai da telan da ke gefe ya tsai da kekensa. Na ɗauka a waya, na cire akuyar, na sa Baba.

Talata, 11 ga Maris
Dabara ta ci. Yana gida, wai hon yake ta dannawa ko ba kowa a kan dogo.

Juma'a, 14 ga Maris
Ciniki lafiya lau. Bencin da Baba ke zama ba kowa. Tela ya tambayi tsohon, na ce ina ruwansa.

Na rufe da wuri. Zafi ne kawai. Na sauko da sabon ƙunshi, na taragun kaya, babu wanda ya sa ni. Baba ya matsa min a kan kujera ya ce in riƙa duba masa sigina.

Mutum ya yi ta fama ya kori suruki daga shago, kuma ya rufe shagon ya bi shi gida. To wa aka zaunar?