Kayan Inna

Ɗanbatta,
9 ga Afrilu, 1974.

Zuwa ga ƙanena Sama'ilu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina ƙara yi mana ta'aziyyar jikokinmu biyu. Allah ya sa masu ceto ne.

Kafin komai, zan gyara wani kuskure da ke cikin takardarka. Ka rubuta cewa mahaifiyarmu ta warke bayan 'yan bori sun yi mata girka. Ba ta warke ba. Kana goye a lokacin, ni kuwa ina da shekara goma sha ɗaya. Ta daina kuka, wannan gaskiya ne. Amma tun daga ranar, duk inda aka kaɗa garaya sai ta sauke ka ta tafi, ta dawo gwiwoyinta duk jini, ta dube ni kamar ɗan maƙwabta.

Saboda haka ban amince a yi wa 'yata Rahmatu girka ba. Macen da ƙyanda ta kashe mata 'ya'ya biyu a wata guda, ga rumbu ba ko zangarniya, ba ta bukatar iska kafin hankalinta ya gushe. Baya ga haramcin abin, bori ba saƙa ba ne da mutum zai koya, ya ajiye in ya gaji. Wanda ya shiga, ya shiga ke nan. Ku kai ta asibiti.

Ka gai da ɗanka Dabo, ka ce ya yi haƙuri da matarsa.

Yayanka,
Muntaka Iliyasu,
Tsohon Hedimasta.

*

Kukar Dabo,
ranar Laraba.

Yaya,

Gaisuwa da ladabi. Mun ji, mun kuma bi. Mun kai ta asibiti a jaki, sun ba da ƙwayoyi, tofarwa take. An yi rubutu, ta sha. Yau kwana sha biyu tana zaune bayan rumbu tana niƙa yashi a dutse, tana kiran yaran su zo su ci. Jiya Dabo ya kama hannunta, ta ce, “Bawan Allah, daga ina?”

Magajiyar bori ta ce iskar Inna ce ta zo neman gado, kuma ba a girka sai da kayan Inna. Kai ka kwashe su ranar da ta rasu, ka ce ka ƙone. Idan da gaske ne, faɗa mini in daina sa rai.

Ni ba boko na yi ba, Yaya. Abin da na sani, Inna ta ƙara shekara ashirin a duniya, har ta ga aurena. Wannan yarinya kuwa ba na jin za ta ga damina.

Allah ya ƙara girma.

Sama'ilu.

*

Ɗanbatta,
28 ga Afrilu, 1974.

Sama'ilu,

Salamu alaikum. Shekara goma sha tara da wata huɗu ne, ba ashirin ba.

Ra'ayina bai sauya ba. Har yanzu ina ganin ɓata ne, kuma ni zan amsa tambaya a kansa ranar gobe, ba kai ba. Ban ƙone kayan Inna ba. Na kunna ashana sau uku a ranar, ban iya ba. Suna ƙasan akwatina, a ƙarƙashin takardun makaranta.

Kada a aiko mini da ranar da za a yi. Ba zan zo ba.

Tare da wannan takarda, ta hannun direban motar kasuwa, akwai:

Ɗaya, baƙin zane na saƙi, asu ya ci gefe guda.
Biyu, ƙoƙon Inna, mai ɗinki a baki.
Uku, mudu huɗu na gero. A dama mata kunu, ko ba ta sha ba.
Huɗu, katin asibiti da na yanko mata, ko da za ku sake tunani.
Biyar, hotona. Idan an gama a nuna mata, ka rubuto mini ko ta ce Baba.

Wassalam.

Muntaka.